Yadda Jama'ar Gari Za Su Ceci Tsohon Gini Daga Rushewa

A karkarar Kano da Jigawa, tsohon gini yakan salwanta ne ta ɗaya daga hanyoyi uku. Ko dai aikin hanya ya biyo ta kansa a shafa masa jan fenti, ko masu shi su rushe shi da hannunsu domin su kafa na bulo da siminti a gurbinsa, ko kuwa a yi watsi da shi har damina ta cinye shi a hankali. Ta farkon ce ta fi tayar da ƙura, kamar yadda aka gani a birnin Kano lokacin da aka rushe Ƙofar Na'isa a 2010 domin faɗaɗa titi, amma a ƙauye ta biyu da ta uku ne suka fi cin gine-gine, kuma su ne ba a cika jin labarinsu ba. Tsohon masallacin Juma'a mai bakan gizo (wato lanƙwasasshen ɗaurin da ke riƙe rufin soro), da zauren gidan dagaci ko na hakimi, da ragowar ganuwa, da tsohuwar kotun alƙali, da tashoshin jirgin ƙasa da kantunan gyaɗa na kan layin dogon Kano zuwa Nguru da aka kammala a 1930, duk abin da ke jiransu ke nan idan ba su sami masu tsaya musu ba.

Wanda yake son rushe tsohon gini yawanci ba mugu ba ne. Mutum ne mai buƙata ta gaskiya: masallaci ya yi wa jama'a kaɗan, ko magada suna son kowa ya san rabonsa, ko hanya tana neman faɗi, ko ana tsoron katanga ta faɗo wa yara. Duk yunƙurin da bai samar wa wannan buƙata mafita ba, ko ya yi nasara bana, baɗi maganar za ta sake tasowa. A kan wannan fahimta aka ɗora matakan da ke tafe.

Mataki na farko: a san mai ginin, a san abin da ke tafe

Kafin a kira taro ko a rubuta takarda, sai mutum biyu ko uku masu natsuwa su binciki wanda yake da iko da ginin, domin ƙofar da za a ƙwanƙwasa ta danganta da hakan. Masallaci wakafi ne, ba mallakar kowa ba, amma maganarsa tana hannun liman da kwamitin masallaci da dagaci. Gidan sarauta wani lokaci na kujerar ne, duk wanda aka naɗa ya shiga, wani lokaci kuma na zuriya ɗaya ne, kuma wajibi ne a tantance wanne ne tun da wuri. Tsohuwar makarantar elementare da kotu da ɗakin shan magani suna ƙarƙashin ƙaramar hukuma ko gwamnatin jiha, tashoshin jirgi kuwa na Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya ne. Ganuwa ita ce ta fi shiga uku, domin babu wanda yake cewa tasa ce, shi ya sa kowa yake ɗibar ƙasarta ya yi yaɓe.

A gano kuma wanda yake son a rushe, da dalilinsa, da lokacin da ya sa. Idan aikin gwamnati ne, a san ma'aikatar da ta ba da shi, da ko an riga an ba ɗan kwangila, da ko an kawo wa masu wurin sanarwa a rubuce. A wannan gaɓa sauraro ake yi, ba a musu da kowa.

Mataki na biyu: a adana shaidar ginin tun yana tsaye

Wannan aiki ba ya jiran izinin wata hukuma, kuma wayar hannu da tef ɗin awo da littafin rubutu sun wadatar. A ɗauki hoton kowace fuska ta ginin da safe da kuma yamma, lokacin da hasken rana yake zuwa a karkace yana fito da zanen da ke jikin bango, a tsayar da mutum ko sanda mai sanannen tsawo a gefe domin a gane girman abin. A shiga ciki a ɗauki rufin daga ƙasa, a nuna yadda aka jera azara, da inda kowane bakan gizo ya taso da inda ya haɗu da ɗan'uwansa. A auna tsawo da faɗin kowane ɗaki, da kaurin bango a gindi da kuma a sama, tunda ginin tubali yakan fara da kauri ya ƙare da siranta, sannan a zana taswirar wurin a takarda, ko da zanen bai yi kyau ba. A sa wayar ta nuna matsayin wurin a taswirar intanet, a rubuta lambobin.

Daga nan sai a nemi dattawa. A zauna da kowane tsoho shi kaɗai, domin idan aka tara su wuri guda, mai ƙarfin murya ne zai rinjayi sauran. Kada a manta da tsofaffin mata, waɗanda sau da yawa sun fi maza riƙe salsalar gida da sunayen waɗanda suka zauna a cikinsa. Tsoho ba zai ce shekara kaza ba, amma zai iya cewa a zamanin sarki wane aka yi ginin, ko kafin Turawa su ci Kano a 1903, ko bayan yaƙin Haɗejiya na 1906, ko shekarar da jirgi ya iso garin, kuma da irin waɗannan ake ƙiyasta shekaru. A tambayi sunan maginin, da inda aka haƙo ƙasar, da lokacin da aka yi gyara na ƙarshe. A naɗi muryar da izinin mai ita. Idan akwai ɗalibin tarihi a garin, a tura shi ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, inda ake ajiye rahotannin gundumomi na tsohon Lardin Kano, wanda ya haɗa da ƙasar da ta zama Jihar Jigawa a 1991.

Ina jan hankali a kan abu ɗaya: kada son ginin ya sa a ƙara masa shekaru. Idan aka rubuta wa hukuma cewa masallaci ya shekara dubu, masani ya zo ya ga bai wuce ɗari da hamsin ba, sauran gaskiyar da ke cikin takardar ma ta zube. Ginin ƙasa da ya shekara ɗari yana tsaye ya isa abin alfahari ba tare da ƙari ba. A yi kwafi uku na duk abin da aka tara, a ajiye a hannu daban-daban.

Mataki na uku: a kafa kwamiti, a bi ta hannun iyayen ƙasa

Kwamitin ya zama ƙarami, amma ya ƙunshi liman ko na'ibinsa, da wakilin dagaci, da magini, da malamin makaranta mai iya rubuta wasiƙa, da matashi, da wakiliyar mata, da wani daga cikin masu ginin. A nisanta shi da siyasar jam'iyya, domin ranar da aka ce kwamitin 'yan wane ne, rabin gari ya fita. Koke ya tashi daga mai unguwa zuwa dagaci, daga dagaci zuwa hakimi, shi kuma ya kai majalisar sarki idan abin ya kai can. Tsallake dagaci a tafi Dutse ko Kano kai tsaye yakan mai da wanda zai taimaka abokin hamayya. Ana iya yi wa ƙungiyar rajista a ƙaramar hukuma, amma idan ana hangen buɗe asusun banki ko zuwa kotu da sunanta, sai a yi rajistar amintattu a Hukumar Rajistar Kamfanoni ta Ƙasa, wato CAC.

Mataki na huɗu: a zauna da mai son rushewa

Nan ne aikin yake, kuma nan ne ake cin nasara ko a faɗi.

Idan masallaci ne, yawanci wani ɗan gari da Allah ya buɗa wa ne ya zo da niyyar gina sabo, yana kwaɗayin ladan da hadisi ya yi alkawari ga wanda ya gina wa Allah masallaci. Irin wannan mutum ba a tare shi da maganar tarihi, sai a fara da godiya. Dattijon da mutumin yake jin nauyinsa ne zai je, ya ce masa: «Alhaji, Allah ya saka da alheri, ya sa a mizani. Jama'a sun yi murna ƙwarai. Roƙonmu guda ne, a bar na iyayenmu a tsaye, a yi naka a jikinsa, ka ga ka haɗa lada biyu, na ginawa da na rayawa.» Kada a je da roƙo kawai, a je da zane a hannu. Bangon gabas, inda liman yake tsayawa, shi ne ya fi ɗaukar ado da gwaninta, saboda haka a ba da shawarar faɗaɗawa ta yamma, ko ta kudu da arewa, yadda sahu zai ci gaba daga tsohon gini zuwa sabo ba tare da yankewa ba. Idan harabar ba ta isa ba, kwamiti ya nemo fili a kusa, ko da musanya ce da gonar wani, a gina babban masallacin Juma'a a can, tsohon ya ci gaba da ɗaukar salloli biyar da tafsiri da i'itikafi. Akwai misali a kusa da za a iya ambata: masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, ba a share shi gaba ɗaya ba lokacin da aka so faɗaɗawa a shekarun 1970, sai aka gina sabo ya lulluɓe babban ɗakin sallarsa. An yi asarar wasu sassa, kuma ni ban ga dacewar a kwaikwayi aikin yadda yake ba, amma ya nuna cewa ƙarin wuri ba ya wajabta rushewa.

Wani zai ce riƙe tsohon gini ƙofa ce ta bidi'a, musamman idan akwai kabari a kusa. Wannan magana ba ta matasan kwamiti ba ce, a bar wa liman da malaman gari su yi bayani, kwamiti kuma ya bayyana a rubuce cewa manufarsa gini ne da ilimin da ke cikinsa, ba neman tabarraki ba.

Idan gidan gado ne, haƙƙin magada yana gaba da sha'awar kowa, kuma ba daidai ba ne a matsa wa marayu ko gwauruwa su haƙura da rabonsu saboda gari yana son zaure. Hanyar da ta fi tsabta ita ce a ƙimanta ɓangaren da ake son ceta, wanda sau da yawa zaure ne da shigifa kawai ba dukan gidan ba, sannan jama'a su saya, ko su ba da fili a madadinsa, ko wani daga cikin magadan ya karɓe shi a rabonsa ya mai da shi wakafi da yardar ransa. Duk wadda aka zaɓa, a kai ta gaban alƙali a rubuta da shaidu, a tabbatar kowane magaji, mace da namiji, na gida da na nesa, ya sa hannu. Yarjejeniyar baka takan mutu tare da dattawan da suka ƙulla ta.

Idan kuwa hanya ce, tun ran gini ran zane. Lokacin magana shi ne ranar da aka ga safiyo yana kafa turaku, ba ranar da katafila ta iso ba. Ɗan kwangila ba shi da ikon karkatar da hanya, zanen da aka ba shi yake bi, don haka jayayya da shi ɓata lokaci ne. Ma'aikatar ayyuka da injiniyan da ke kula da aikin su ake nema. Sau da yawa gocewar 'yan mitoci kaɗan ta isa, kuma roƙon yakan fi karɓuwa idan kwamiti ya riga ya shawo kan masu filayen ɗaya gefen sun amince hanyar ta ci nasu a biya su diyya. A sani cewa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba gwamna ikon karɓe fili domin amfanin jama'a a sashe na 28, ta kuma tanadi diyyar abin da aka gina a kai a sashe na 29, tare da wajabta ba da sanarwa. Ma'ana, doka ba ta hana gwamnati karɓa ba, amma ta shimfiɗa mata ƙa'ida, kuma akwai dokar 1992 da ta wajabta nazarin tasirin manyan ayyuka a kan muhalli kafin a fara su. Kwamiti yana da damar tambaya ko an yi wannan nazari, da ko an ambaci ginin a cikinsa.

Mataki na biyar: a rubuta wa hukumomin tarihi

Hukumar kula da gidajen tarihi da wuraren tarihi ta ƙasa, wadda aka fi sani da NCMM, an kafa ta da doka mai lamba 77 ta 1979, kuma ana samun jami'anta a Gidan Makama da ke birnin Kano. Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano tana Gidan Ɗan Hausa, mutanen Jigawa kuma su nemi masu kula da tarihi da al'adu na jiharsu a Dutse. Wasiƙar kada ta wuce shafi biyu: sunan ginin da inda yake, taƙaitaccen tarihinsa, abin da ke barazana gare shi da ranar da ake tsoro, sannan abin da ake roƙo a fili, wato a turo jami'i ya duba, a kuma rubuta wa ma'aikatar da abin ya shafa. A haɗa da hotuna da sa hannun dagaci da liman. A kai da hannu, a sa a buga hatimin karɓa a kan kwafin kwamiti, a koma bibiya bayan mako biyu.

Kasancewar wuri a ƙauye ba ya hana a san darajarsa. Tsohon masallacin Bebeji da zane-zanen duwatsun Birnin Kudu suna cikin jerin wuraren tarihi na ƙasa tare da Gidan Makama da badalar Kano. Sai dai shiga wannan jeri tafiya ce mai tsawo, kuma shekaru da yawa jerin bai wuce wurare 65 ba a duk Najeriya, don haka kada a jingina rayuwar ginin da shi. Abin da ya fi saurin amfani shi ne ziyarar jami'i da wasiƙarsa, domin takarda mai hatimin hukuma takan sa mai niyyar rushewa ya dakata ya saurara.

Gidan rediyo yana da tasiri, amma a ajiye shi sai an ga ƙofofin sulhu sun rufe, kuma idan an je a yi maganar ginin, kada a ci mutuncin kowa. Kotu ita ce ta ƙarshe: lauya zai iya neman umarnin dakatar da aiki kafin a saurari ƙara, sai dai akwai kuɗi da jinkiri da ɓacin zumunci. Tara matasa su tare katafila kuwa ba hanya ba ce ko kaɗan, domin ran ɗan mutum ya fi kowane gini.

Mataki na shida: a duba lafiyar ginin, a gyara shi da irin kayansa

Hujjar da ta fi kowace ƙarfi a bakin mai son rushewa ita ce ginin zai faɗo wa mutane, kuma duk wanda ya ga yadda gidajen ƙasa suka riƙa zubewa a ambaliyar 2022 a Jigawa ya san tsoron ba na banza ba ne. Amsar wannan hujja gyara ne. A nemo magini na gargajiya wanda ya gaji sana'ar kuma ya taɓa ɗaura bakan gizo da hannunsa, ba birkila mai aikin bulo ba. Idan babu a garin, a tambaya ta hannun Sarkin Magina. Yana da kyau a haɗa shi da malami daga sashen zanen gine-gine na Jami'ar Bayero, ko jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, ko Jami'ar Ahmadu Bello, saboda hukuma rahoto mai sa hannu take karantawa.

Duba yana farawa daga sama. A hau rufin a ga ko akwai kwarin da ruwa yake kwanciya, ko ciyawa ta tsiro, ko indararo ya toshe ko ya karye har ruwa yana bin jikin bango maimakon ya zuba nesa. A duba rawani, wato ɗan ginin da ya kewaye bakin rufi, da zankwaye, domin ta tsagarsu ruwa yake shiga cikin katanga. A ciki, a sa tsinin wuƙa a soki kan kowace azara daidai inda ta shige bango: idan wuƙar ta tsaya, azarar lafiya lau take, idan kuwa ta nutse gari ya zubo, danshi ko gara sun gama da ita, ko da tsakiyarta tana ƙyalli. Siririyar tsaga a fatar yaɓe ba abin damuwa ba ce. Wadda ake tsoro ita ce mai faɗi a sama da ƙunci a ƙasa, ko wadda ta raba bango biyu a kusurwa, ko wadda ta fito a tsakiyar bakan gizo. A shafa ɗan yaɓe a gicciye a kan irin wannan tsaga, a rubuta kwanan wata a gefe, a riƙa dubawa duk mako. Idan shafen ya tsage, ginin yana motsi.

Gindin bango shi ne inda ginin ƙasa yake mutuwa. Feshin ruwan sama, da ruwan da ke kwanciya, da fitsari, da gogar dabbobi, su suke zaizaye shi har sama ta rasa abin da za ta tsaya a kai. A lura musamman idan an yi sabon titi ko an cike lungu har ƙasar waje ta fi daɓen ciki tudu, domin daga ranar duk ruwan unguwa jikin ginin zai nufa. Idan magini ya ce akwai haɗari, a rufe ɗakin nan take, ko da masallaci ne, a tokare rufin da ginshiƙan itace masu faffaɗan katako sama da ƙasa, a buɗe indararo, a haƙa magudana ta janye ruwa. Wannan aikin gaggawa ne da ba ya jiran a tara kuɗi.

Babban gyara ana yin sa ne daga bayan kaka zuwa kafin ruwan farko. A nemi ƙasa irin wadda aka yi ginin da ita, daga tsohon kududdufin idan yana nan, kuma ƙasar bangon da ya zube ma ana sake kwaɓa ta. A zuba mata ramno, wato ciyawar da ake kwaɓa ƙasar gini da ita, a jiƙa, a tattake da ƙafa, a bar ta ta kwana da yawa tana ruɓewa, a sake tattakewa, domin ƙasar da aka kwaɓa yau aka yaɓa yau ba ta daɗewa. Wajen cike gindin bango, a kankare abin da ya saki, a yayyafa ruwa, a jera tubali a cike da kaɗan-kaɗan, ana barin kowane sashe ya sha iska kafin a ɗora wani. Kada a buɗe gindin bango gaba ɗaya a lokaci guda, a bi shi gaɓa-gaɓa, in ba haka ba gyaran ne zai kayar da shi. Bayan an gama, a yi dakali a kewaye domin ya karɓi dukan ruwa a madadin bangon. Azara ana sauya ta ɗaya bayan ɗaya da ta giginya mai ƙwari, ba da katakon kasuwa ba. Rufin kuma a gyara gangarensa zuwa bakin indararo, a rufe da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. Katsi ya yi wuya yanzu saboda marina sun ragu, don haka a fara cigiyarsa da wuri a wurare irin su Kura da Ƙofar Mata. A lokacin hunturu a yi yaɓe marar kauri, shafi bayan shafi, saboda busasshiyar iska tana tsattsaga mai kauri.

Kuskuren da ya fi yawa, kuma masu kyakkyawar niyya ne suke yin sa, shi ne shafe bangon ƙasa da siminti. Bangon ƙasa yana shan danshi yana fitarwa, siminti kuwa yana kulle shi a ciki, kamar a sa wa mai gumi rigar leda. Shekara biyu ko uku ana ganin wurin sumul, alhali ƙasar tana ruɓewa a baya gara tana aikinta ba mai gani, sai wata rana fallen simintin ya ɓallo da rabin bangon. Idan dole sai an yi rufin kwano domin a tsare ginin kafin a sami halin gyara, a ɗora shi a kan ginshiƙansa na daban, ya zarce bango sosai, kada nauyinsa ya hau kan rawani. Tsohon zanen bango kuma kada a bari wani ya sake sassaƙa shi don ya ƙara kyau. A ƙarfafa abin da ya rage, a bar shi yadda mai shi ya yi.

Mataki na bakwai: kuɗi da aikin gayya

Magini ya rubuta ƙiyasi dalla-dalla, azara nawa, ƙasa amalanke nawa, ladan aiki nawa. Ɗibar ƙasa da ruwa da tattaka da miƙa tubali duk gayya za ta ɗauke su, daɓe kuma aikin mata ne tun asali, amma gwani a biya shi haƙƙinsa cikakke, a kuma haɗa shi da samari biyu ko uku su koya, domin gari ya sami mai gyara nan gaba. 'Yan gari mazauna Kano da Abuja da Legas sukan bayar idan suka ga hotuna a zauren WhatsApp na gari kuma suka ga lissafi a fili. A karanta abin da ya shigo da abin da ya fita bayan sallar Juma'a. Gudummawar ɗan siyasa a karɓa da godiya, bisa sharaɗin ba za a shafa wa ginin fentin jam'iyya ko a manna masa hoto ba.

Mataki na takwas: a ba ginin aiki, a sa masa ranar yaɓe

Ɗakin da aka kulle, jemagu da gara ne suke gadonsa, kuma ba mai ganin ɗigon farko. Zauren da aka ceta ya zama wurin karatun allo, ko ɗakin karatu na ɗalibai, ko wurin sulhu da ɗaurin aure da taron gari. Kada a mai da shi ma'ajiyar takin zamani, saboda gishirinsa yana cin bango, ko ta hatsi mai jawo ɓeraye. A rubuta yarjejeniya da ta faɗi wanda yake riƙe da makulli, da wanda zai hau rufi ya share indararo kafin damina da bayan kowane babban ruwa, da cewa ba za a rushe ko a sauya fasalin ginin ba sai da shawarar kwamiti, a ajiye kwafi a ofishin hakimi da na ƙaramar hukuma.

Sannan a tsayar da rana guda a kowace shekara, a cikin bazara, wadda gari zai fito yaɓe. Babban masallacin Jenne a ƙasar Mali, wanda aka sake ginawa a 1907, da wannan al'ada yake tsaye: duk shekara mutanen garin suna fitowa su yaɓe shi baki ɗaya. A ƙasar Hausa ma, masallacin ƙasa na ƙauyen Yaama a yankin Tawa ta Jamhuriyar Nijar, wanda magini Falke Barmu ya fara a 1962 da taimakon jama'ar garin, ya sami lambar yabo ta Aga Khan a fannin gine-gine a 1986.

Wani lokaci duk da wannan ƙoƙari za a rushe. Idan ta tabbata, kwamiti ya roƙi a ba shi 'yan kwanaki ya kammala awo da hotuna, ya kuma nemi a sauke ginin da hannu maimakon katafila, domin a tsira da azara da ƙyamare da duk wani allo mai rubutu. Tsofaffin ƙofofi da tambura da littattafan hannu da aka yi kafin 1918 suna cikin kayan da dokar 1979 ta hana sayar wa kowa in ba wakilin da hukuma ta amince da shi ba, ta kuma hana fitar da su ƙasar waje ba da izini ba, saboda haka a yi hattara da dillalan da sukan bayyana a irin wannan rana. A rubuta kayan ɗaya bayan ɗaya a gaban shaidu, a damƙa su ga dagaci ko gidan tarihi a karɓi rasit, azarar da ke da sauran ƙarfi kuma a adana ta a inuwa, a ɗage ta daga ƙasa, domin gyaran gini na gaba da kwamiti zai ceta.